Mai Wutsiya a Ajin Gwaggo Burul

At-Bashi, 9 ga Oktoba

'Yata Kunduz,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da babanki ƙanena da babarki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta riga kowa sanin sanyi ya kusa. An sauko da tumaki daga kan dutse, ciyawa ma mun gama tarawa. Ata, mahaifin mijina, yana nan garau, ya sha shayi kofi huɗu da safen nan, sannan ya ce madarar ta yi yawa.

Kada ki ce me ya sa tsohuwa take rubuta wasiƙa alhali ga waya. A gidan nan ba inda waya take kamawa sai ɗakin da Ata yake wuni. Shi kuwa surukin nan nawa, in kika yi masa sallama da ƙarfi sai ya ce bai ji ba, amma ki yi raɗa a bayan ƙofa ki gani. Gara in rubuta in ba Jumabek direba, tunda kowane mako sai ya shiga Bishkek.

Albishirinki! Kwamfutocin ofishinku sun iso makarantarmu, guda goma sha biyu. Malamar da aka so ta riƙe ajin ta bi mijinta Mosko, sai shugabanmu Toktosun ya tara mu ya ce wa zai karɓa. Kowa ya shiga kallon takalminsa. Ni da na shekara talatin da ɗaya ina koyar da Kirgizanci, ban taɓa danna komai ba sai makunnin fitila, ni na ɗaga hannu. Na ce littafin nan da za a koyar da shi 'yar ƙanena ce ta rubuta, in na bari ya yi ƙura a kabad me zan ce wa babanta?

Na yi mako biyu a birnin Narin ana koya mana. Ina buga rubutu da yatsa biyu kamar kaza tana tsintar tsaba, amma yanzu na iya aika saƙo, na iya nuna wa yara yadda za su nemi abu su kuma gane na ƙarya. Littafinki ya yi kyau, harshensa tsaf. Kalma guda ce a shafi na bakwai ta tsaya mini a maƙogwaro, amma wannan ba laifinki ba ne.

Ga busasshen cuku nan cikin jaka, kada ki raba wa 'yan ofis duka.

Gwaggonki,
Burul

Bishkek, 20 ga Oktoba

Gwaggo,

Na sami wasiƙarki da cuku, na gode. Baba da Mama suna gaishe ki. Ki gaishe mini da Ata, ki kuma riƙa ɗaure gwiwar nan da ulu.

Wallahi da na ga sunanki a jerin malaman Narin sai da na tashi na zaga teburina. Ban gaya wa kowa a ofis cewa ke gwaggona ce ba, kada a ce ina son kai. Amma a raina na ce, ku jira ku ga Burul eje, kamar yadda ɗalibanki suke kiran ki.

Wace kalma ce a shafi na bakwai? In kuskuren rubutu ne ki faɗa mini, na san idonki ba ya barin ko ɗigo. Mun sha wahala a kan shafin nan, don mun ƙudura cewa duk sassan na'ura da harshenmu za a kira su, ba Rashanci ba. Ke kika koya mini wannan. Kin tuna hutun da na yi a wurinki ina 'yar shekara tara, na ce na gode da Rashanci, kika zaunar da ni na rubuta tamu kalmar sau ashirin kafin ki ba ni abinci?

Ƙarshen Nuwamba abokin aikina Ernis zai zo ya zauna a ajinki ya ga darasi guda, ya cike takarda, shi ke nan a ba ki shaida. Darasin farko ne kawai, sunayen sassa. Wannan ai ko cikin barci kya ci.

'Yarki,
Kunduz

At-Bashi, 2 ga Disamba

Kunduz,

Muna lafiya. Dusar ƙanƙara ta sauka. Ata yana ɗan tari amma da sauƙi.

Yaronku Ernis ya zo ya tafi. Toktosun ya mai da abin biki, ya gayyato dattawan ƙauye, aka jera musu kujeru a gaban aji, har da Ata. Darasin bai yi kyau ba. Yaron naku ya ɗaga abin nan na hannun dama ya ce in faɗi sunansa, ban iya ba. Ba zan iya kiran sunansa ba, Kunduz, kuma kada ki tambaye ni.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Burul

Bishkek, 11 ga Disamba

Gwaggo,

Ina fatan tarin Ata ya sauka. Mu lafiya.

Na karanta rahoton Ernis kafin wasiƙarki ta zo. Ya rubuta cewa malamar ta iya kunna na'ura, yara suna jin maganarta, amma an ɗaga mata wani sashe na na'ura an tambaye ta sunansa sau uku, ban da "mai wutsiya" ba ta faɗi komai ba. Gwaggo, na karanta layin nan fuskata ta yi zafi. Da aka zo kansa a taron ofis na sunkuyar da kai ina ta rubuce-rubucen banza a takarda.

Mantuwa ba abin kunya ba ce, kowa yana yi, balle ga dattawa sun zuba miki ido. Amma ke ce fa! Ke da kike karanta waƙa mai baiti ɗari da ka, kalma guda ta kayar da ke? Sunansa ɓera. Chichkan da harshenmu, kamar dai wanda yake shiga buhun gari. Turawa da Rashawa ma da sunan ɓera suke kiransa a harshensu, saboda igiyar ta yi kama da wutsiya. Na sa an buga miki babban hoto da sunan a ƙasa da manyan baƙaƙe, Jumabek zai kawo. Ki manna shi a bango, kullum da safe ki faɗa sau ashirin. Ramuwa ce, kada ki ji haushi.

Yanzu ga maganar da ba ta da daɗi. Dokar masu ba da kayan ita ce, duk makarantar da ba ta da malami mai shaida zuwa ashirin ga Maris, a kwashe na'urorin a kai wata. Akwai makarantu da yawa a layi. Ernis zai dawo sau ɗaya, ba na uku. Kuma takardarsa tana neman kalmomin littafin ne, in kika faɗa da Rashanci ba zai ba ki maki ba. Ki taimake ni ki taimaki yaran nan.

'Yarki,
Kunduz

Bishkek, 4 ga Fabrairu

Gwaggo,

Lafiya kuwa? Sau bakwai ke nan Jumabek yana zuwa hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce kina nan lafiya, kina zuwa makaranta, ya ba ki hoton kuma. Na kira wayarki a kashe. Baba ya ce in ƙyale ki, wai tun kuna yara in kika yi fushi sai kin gama da kanki.

In maganar sau ashirin ce ta ɓata miki rai, wasa nake yi, ki yafe mini. Amma ina tsoron ba ita ba ce, ina tsoron wani ya kawo miki labarin abin da na yi, don haka gara ki ji daga bakina.

A watan jiya an yi taron masu horar da malamai a nan, mutum wajen ɗari biyu. Aka ba ni minti goma in yi magana a kan wahalar koyar da tsofaffin malamai. Na ga mutane sun fara duba wayoyinsu, sai na ba da labarin wata malama a wani ƙauye da aka ɗaga mata ɓera sau uku ta tsaya kamar an dasa ta, ba abin da ta iya cewa sai "mai wutsiya". Ban faɗi sunanki ba, ban faɗi ƙauyen ba. Amma na kwaikwayi tsayuwar. Aka yi ta dariya, har da tafi. Na ji daɗin tafin, Gwaggo, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Sai da na zauna na hango wani malami daga At-Bashi a layi na uku, shi bai yi dariya ba, kallona kawai yake yi.

Tun ranar ban sami sukuni ba. Ki zage ni, ki ce komai, amma ki rubuto. Saura mako shida.

Kunduz

At-Bashi, 27 ga Fabrairu

Kunduz,

Muna lafiya. Tumaki sun fara haihuwa, mun shigo da 'yan raguna biyu kusa da murhu. Ki gaishe da iyayenki.

Labarin taronku bai zo mini ba sai a wasiƙarki. Malamin nan mutumin kirki ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, kin faɗa, na ji. Kin kwaikwayi tsayuwata! Da kin tambaye ni ai da na nuna miki yadda gwiwar take karkacewa, don abin ya fi ba da dariya.

Ba wannan ya hana ni rubutu ba. Na ɗauki alƙalami ya fi sau goma ina ajiyewa, don abin da zan gaya miki ba ya faɗuwa kai tsaye, kuma kunya nake ji a ce sai na yi wa 'yar gidanmu bayaninsa. Ke Bishkek ta raine ki, babarki ba ta zauna da surukai ba. Ban yi zaton abin ya yi miki nisa haka ba.

Ki ba ni amsa: mene ne sunan Ata, tunda Ata baba ke nan, ba suna ba ne? Kin ci abinci a kan shimfiɗarsa hutu biyu. Ba ki sani ba, ko? Ba ki sani ba don ba ki taɓa jin sa a bakina ba, kuma ba za ki ji a bakin kowace mace da aka auro gidan nan ba. Ranar da aka kawo ni, ina 'yar shekara ashirin da biyu, uwar mijina ta zaunar da ni ta sa wata yarinya ta jera mini sunayen manyan gidan, ta ce waɗannan daga yau sun fita daga bakinki, su da duk abin da ya yi tarayya da su. Shekara talatin da uku ke nan. Mijina ya rasu, uwarsa ta rasu, ban fasa ba.

Yanzu ki yi lissafi, tunda ke mai ilimi ce. An haifi Ata a shekarar da take buɗe zagayen shekaru goma sha biyu masu sunayen dabbobi, shekarar ɗan ƙaramin nan na tatsuniya da ya hau kan raƙumi ya riga kowa ganin sabuwar shekara. 'Ya'ya uku sun mutu kafin shi, sai uwarsa ta sa masa sunan abin da ba wanda zai yi wa hassada, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Ta ƙara "bai" a ƙarshe, yadda ake yi wa sunan maza. Kin gane, ko sai na buga miki babban hoto?

A ɗakin girkina sunansa mai wutsiya, ko ɓarawon gari. Haka na kira shi a aji wata biyu, ba yaron da ya ruɗe, don iyayensu mata ma kowace tana da kalmar da take kewayewa. Sai ga yaronku, da gashinsa mai sheƙi, ya ɗaga shi sama ta wutsiya, taku uku tsakaninsa da Ata.

"Eje, gaya wa yara sunan wannan."

Na ce, "Mai wutsiya."

Ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai siffa ce, eje. Sunansa nake so."

Yara ashirin da shida suka sunkuyar da kai lokaci guda. Toktosun ya kama tarin ƙarya. Dattawa suka shiga gyaran hula. Duk ɗakin nan ba wanda bai san abin da ake ciki ba sai mutum ɗaya, kuma shi ne mai takarda. Wa zai tashi a gaban Ata ya ce wa baƙo, abin nan da yara suke murzawa a ƙarƙashin tafin hannu sunan dattijon nan gare shi? Na so in faɗa da Rashanci, sai na ga idon yaran da na sa su rubuta kalma sau ashirin, su da iyayensu kafin su. Gaba kura, baya siyaki. Ya sake tambaya a hankali, yana ware baƙaƙe, yadda ake yi wa kurma. Na tsaya har aka buga ƙararrawa.

Muka taho gida, ina bayan Ata, bai ce komai ba. Na ce wataƙila Allah ya rufa asiri, yau kurumtar ta gaskiya ce.

Sai ga hotonki. Jumabek ya iso ina makaranta, ya miƙa wa Ata a bakin ƙofa. Na dawo na tarar ya warware shi a kan teburin shayi, ya danne gefe da gefe da kofuna, ya sa tabarau yana karantawa. Baƙaƙen nan kowane ya kai tafin hannuna. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata, ban iya shiga ba ban iya fita ba. Ya ɗago ya ce, "Kelin, matar ɗana, wannan naki ne. An buga shi da kyau." Ya naɗe ya miƙo mini da hannu biyu. Kwana uku ina zuba masa shayi fuskata na kallon bango.

To, ga abin da na yanke. Yaran nan ba su yi laifin komai ba. Akwai yarinya a aji na takwas da ta nemo wa babanta maganin ciwon ƙafar tumaki da kanta, ta kuma gane wanne shafi ne na 'yan damfara. Ba zan tsaya ina kallo a loda na'urorin nan a mota don bakina ya zauna da tsarki ba. In yaronku ya dawo zan faɗa. Na roƙi Toktosun kada ya gayyaci kowa. Abin da zai biyo baya nawa ne, ba naki ba.

Kada ki gaya wa babanki.

Burul

Bishkek, 6 ga Maris

Gwaggo,

Kada ki faɗa. Don Allah, don Annabi, kada ki faɗa. Na fara da wannan ne kafin gaisuwa don shi ya fi gaggawa. Ina gaishe ki, ina gaida Ata, in har ina da bakin gaishe shi.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a tashar mota. Da na zo wurin raƙumi na ƙirga da yatsu, sai na zauna a kan buhun dankalin wata mata har ta yi mini magana. Innalillahi. Ni na aika wa dattijo sunansa a ƙarƙashin hoton abin wasan yara. Ni na ce ki faɗa sau ashirin kowace safiya. Ni na tsaya gaban mutum ɗari biyu na mai da tarbiyyarki abin dariya, ina taƙama na rubuta littafi don kare harshenmu, alhali ban san yadda matan da suka riƙe harshen suke magana da shi ba. Kin ce mini kalma ta tsaya miki a maƙogwaro, na ɗauka kuskuren rubutu ne. Kin ce ba za ki iya kiran sunansa ba, na karanta "na manta". Da Kirgizanci kika rubuta, tsaf, ni ce ban iya karatu ba.

Jiya na shiga wurin shugabarmu na rufe ƙofa. Na ce malamar nan ta rahoton Ernis gwaggona ce, yayar babana, na ɓoye ne. Na gaya mata dalilin shirunki, ban faɗi sunan ba. Ta ce kakarta har ta mutu ba ta taɓa cewa "ƙarfe" ba, don yana cikin sunan surukinta, kuma ita ma da ta karanta rahoton abin bai faɗo mata ba. Ta yarda a karɓi duk kalmar da malama take amfani da ita, muddin yara sun gane kuma sun ga ta littafin a rubuce. Za a ƙara tambaya a takardar, ko akwai kalmar da ba ta faɗa, a riƙa yi wa kowace malama a keɓe kafin darasi. Allah kaɗai ya san mata nawa muka kayar a kan irin wannan.

Ban kira Ernis ba, don ba na so maganarki ta yi yawo a waya. Yana Narin yanzu yana zaga wasu makarantu. Ni da kaina zan zo ranar ashirin in zauna a ajinki a madadinsa, an amince. Ki ce mai wutsiya, ki ce ɓarawon gari, ki ce duk abin da kika saba.

Na kira wayarki har na gaji. Jumabek zai taso gobe da safe, kwana goma sha uku sun isa wasiƙa ta same ki.

Ban san da wace fuska zan shigo gidan ba, amma zan shigo.

'Yarki, in har yanzu kin yarda,
Kunduz

At-Bashi, 15 ga Afrilu

'Yata Kunduz,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ƙanƙara ta narke a kwari, hanya duk taɓo. Gwiwa ta yi sauƙi. Na san kin ji daga ofis cewa an ba ni shaida kuma ba sai kin zo ba, na san kuma kin kasa tambayar yadda aka yi. Toktosun ya ce kin kira shi sau biyu kina ta kewaye-kewaye. To, zauna ki ji.

Wasiƙarki ihu ce bayan hari. Ƙanƙara ta rufe hanyar dutsen Dolon, Jumabek ya kwana biyar a garin Kochkor da ita a aljihu. Shi kuma yaronku hanyar ta rufe shi ta wannan ɓangaren, ya ga zaman banza ba shi da amfani, sai ya kira Toktosun ya ce zai zo ranar goma sha ɗaya ya gama da mu. Wasiƙarki ta iso ranar goma sha biyu da la'asar.

Ba dattawa a ranar, daga shi sai yara. Na shiga aji na ɗauki abin da hannuna, ban jira ya tambaya ba, don na san in ya tambaya ba zan iya ba. Na ɗaga shi na faɗa. Muryata ta fito kamar ta wata. Ba yaron da ya motsa. Wata yarinya a layin gaba ta rufe bakinta da hannu, ita da ba ita ta faɗa ba. Darasin yana buƙatar kalmar sau tara, na ƙirga tun a gida, kuma na faɗe ta sau tara. Yaronku ya yi ta gyaɗa kai, da aka tashi ya kama hannuna ya ce, "Kin gani, eje? Ba wuya. Maimaitawa ce kawai." Na ce masa haka ne.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. A bakin kanti matar maƙwabcinmu, wadda aka auro mu shekara guda, ta ga ina zuwa ta juya tana duba ashana. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Wata kuma ta ce a bayana, yadda zan ji, wai ashe takardar shaida tana buɗe baki. Ban juya ba, don ba ƙarya ta yi ba.

Na shiga na dafa shayi na kai wa Ata. Na miƙa masa kofi. Ya karɓa ya kurɓa, ya kurɓa, sannan ya ce, "Kelin, an ce injinan sun tsaya, ba za a kwashe su ba."

Na ce, "Sun tsaya, Ata."

Ya ce, "Sau nawa?"

Kunduz, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Na ce, "Sau tara, Ata. Ku yafe mini." Kuka ya ƙwace mini, ni da ko a jana'izar mijina ban yi kuka a gabansa ba.

Ya bar ni na gama. Sai ya ce tun ranar farko ya ji komai, ya kuma so ya tashi ya ce wa baƙon nan ga mai sunan a zaune, amma ya ga in ya yi haka ya ƙara tona ni. Ya ce, "Kin san wanda ya kira ni da shi na ƙarshe? Sagindik, abokin kiwona. Shekara shida ke nan da muka binne shi. Matata ta yi shekara hamsin da ni ba ta faɗa ba. 'Ya'yana Ata, jikokina Ata, likita ma Ata. Duk wanda ya isa ya kira ni yana maƙabarta. Wani lokaci ina zaune a nan sai in faɗa wa kaina a hankali, don in ji ko yana nan."

Na ɗauki butar shayi. Ya miƙo kofi na ƙara masa.

Kada ki ɗauka ya wanke ni. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ba. Abin da na riƙe shekara talatin da uku na sake shi, ba ya komawa. Ke ma kada ki ɗauka na gama fushi da ke, saura kaɗan. Tambayar nan da kuka ƙara a takarda ita ce abu mai kyau guda da ya fito daga shirmenki, ki tabbata mace ce take yin ta. In an yi hutu ki zo, ki durƙusa ki gaishe shi da kanki. Ya ce a gaya wa yarinyar mai hoto ta zo da wani, amma na doki.

Da na karanta wasiƙarki na ce to, an ba ni izini, na koma wa mai wutsiyata. Wata Talata ina cikin darasi da 'yan aji biyar, rana ta fito, na buɗe taga. Can sai na hango kan farar hula a ƙasan tagar. Ashe ya tako da sandarsa tun daga gida, ya sa an kawo masa kujera, ya zauna a jikin bango wai yana shan hantsi. Na yi kamar ban gani ba. Na ce wa yara, "Kowa ya ɗora hannu a kan mai wutsiya."

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sanda a jikin katakon taga.

Na ce ko kuskure ne, na ci gaba. Da na sake cewa mai wutsiya ya sake bugawa, wannan karon da ƙarfi. Yara suka dube ni. Na dafa tebur, na rufe ido, na faɗa. Sandar ta yi shiru.

Talata uku ke nan bai fasa zuwa ba. A gida ba mu taɓa tayar da maganar ba, shi Ata ne, ni kelin, ina zuba shayi ina kallon gefe. Jiya dai da zan fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba, wai malaman zamani ba su da murya, mutum yana waje ba ya jin komai.

Gobe Talata. Zan ɗaga murya.

Gwaggonki,
Burul